Sawun Kura a Bakin Marmaro

A Dajin Rairayi doka ɗaya ce ta riƙe kowa: wuri na wanda sawunsa ke kai ne. Da yake Giwa ta fi kowa zurfin sawu, ita ce shugabar majalisa, kuma ba a taɓa jin dokar ta dame ta ba.

Can gabas akwai dutse, inda remaye ke zaune tun kaka da kakanni a gefen wani marmaro. Dabbobin fadama ba su taɓa hawa ba, amma sun san komai game da su: wai malalata ne, ba su da aiki sai shan hantsi, ko gaisuwa ba su iya ba.

Shekarar da tafki ya ƙafe, Kura ta taka taɓo, ta hau dutsen, ta bar sawu a bakin marmaron, ta sauko ta ce nata ne. Remaye suka turo tsohuwarsu, Iya Tambai. Kwana biyu ta yi tana gangarowa.

Ta durƙusa a gaban Giwa ta ce, "Ranki ya daɗe, a bakin ruwan nan aka haifi uwata. In an karɓe shi mun mutu."

Giwa ta ce, "Ina sawunku?"

"Dutse ba ya riƙe sawu, ranki ya daɗe. Amma a zo a gani, hanyarmu ta zuwa ruwa ta yi sulɓi, ƙafafunmu ne suka cinye ta."

Dila, mashawarcin majalisa, ya miƙe ya gyara murya. "Jama'a, ba ma ƙin 'yan'uwanmu na tudu, tausayinsu muke ji. Amma sulɓi aikin ruwan sama ne. Shekara nawa suna can, ko ɗayansu bai yi tunanin barin shaida ba. Kura fa? Yini ɗaya."

Aka yi ta tafi.

Majalisa ta ba Kura marmaro. Saboda adalci, remaye za su sha bayan ta ƙoshi, a matsayin baƙi, kuma in waninsu ya goge sawun za a kore su baki ɗaya.

Kwana uku Tambai ta yi tana hawa. Jama'arta suka tarye ta a bakin ruwa, suna tambayar yadda aka yi. Ta dubi busasshen taɓon da ke kan tsohuwar hanyarsu, ta ce, "Ku bi ta gefe, kada ku taka."