Keken Kaka da Ke Cikin Kwamfuta

"...Lafiya lau, in ka cire ɓarnar da ka yi min. Shigo, angon banza, shigo ka ga aikinka."

Jikan Kaka ya sunkuyar da kai ya shigo ɗakin ɗinkin yana dariya, jakar aiki a kafaɗa. Gyaran kwamfuta yake yi a wani ofis, ya girma har da gemu, amma a wurin Kaka har gobe miji ne na wasa, wanda bai iya komai ba.

Kaka tela ce. Tana zaune bayan kekenta, tef a wuya. A kusurwar ɗakin ga teburin mijinta, malamin lissafi, wanda ya rasu shekara uku ke nan, tsohuwar kwamfutarsa a kai. A ciki akwai wani shafi da Malam ya haɗa don ɗalibansa: wilin keken ɗinki yana juyawa, allura tana hawa da sauka, layi yana fita daga bakinta yana lanƙwasa kamar zare. A kekenta ya auno komai. Kullum da hantsi takan buɗe ta kalla, don kewarsa ba ta barinta ta fara aiki sai ta gani. To, makon jiya wannan ɗan neman suna ya zo ya sabunta mata burauza, manhajar da ke buɗe shafin, wai taimako. Tun ranar babu abin da ke fitowa sai wani akwati ruwan toka.

"Amarya, ko ruwa ba za a ba ni ba?"

"Ruwa? Ka tsone min ido kana neman ruwa? Garin gyaran gira ka cire ido ɗungurungum."

"Ni fa taimako na yi. Burauzar nan ta girmi haƙoranki na roba."

"Haƙoran nan sun fi naka aiki. Zauna ka dawo min da kekena."

Ya zauna kan kujerar Malam. Ran Kaka ya sosu ganin ƙeyarsa, don ƙeyar kakansa ce sak, amma ta ƙi faɗa. Ai in ta faɗa kansa sai ya fi ƙofa faɗi.

"Kin ga matsalar," ya ce yana nuna akwatin. "Zanen Malam ba ya tashi shi kaɗai. Sai da wata 'yar manhaja da ake liƙa wa burauza, filogin ake ce mata. Sabuwar burauza ta ce ba ta hulɗa da ita, wai ta tsufa, ɓarayi na bi ta jikinta su shigo."

"Ɓarayi? Me za su sata, allura? Shekara ashirin babu ɓarawon da ya shigo sai kai, kuma da sallama ka shigo."

"Bari in sauko da ita daga intanet."

Ya danna nan, ya danna can, ya ja tsaki. Masu yin ta sun daina tun tuni. Ya samo wata da aka ce tana kwaikwayon tsohuwar, ya liƙa. Wili ya fito rabi, allura ko alamarta babu.

"Kai! Wannan kuma mene ne? Keke babu allura? Haka za ka aure ni, ka kawo min rabin kaya?"

"Ke ma ai rabi ce ta rage, tsohuwa. Rabi da rabi, an yi daidai."

"Rabina ya fi cikonka."

Ya juyo da kujera. "Tsakani da Allah, ki bar ni in zana miki sabo. Minti goma. Da launi, har da ƙara. Ko a waya sai ki kalla. Sabo da abu ai turken wawa ne."

Kaka ta ajiye almakashi. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

"Kai ka zauna kwana uku a ƙasan keken nan da agogo a hannu kana ƙirga bugun ƙafata? Shi ya zauna. Ina ta korarsa, ina cewa zan ɗinke masa kunne. Gudun wilin nan gudun ƙafata ne a lokacin. In ka zana naka, ƙafar wa za ka sa? Nasa nake so, ba mai kama da nasa ba."

Jikan ya sosa gemu. Sai ya ce a hankali, "To sai an dawo da tsohuwar burauza da tsohuwar filogin ɗin, su biyun tare. Bai bar wani faifai ba?"

"Faifai? Mai ƙyalli, da huji a tsakiya?"

"Shi!"

Ta jawo gwangwanin maɓallai daga ƙarƙashin keke, ta zazzage a cinyarta. Can ƙasa ga faifan, an naɗe shi da ƙyalle. A jikinsa rubutun Malam ne, mai kwanciya gefe guda: *Na keke. Kada a taɓa.*

"La ila! Cikin maɓallai kika ajiye? Ke da ɓera ban san wa ya fi iya ɓoyo ba."

"Ɓeran ne yau ya cece ka. Karanta abin da aka rubuta. Kada a taɓa. Tun ba ka yi gemu ba ya san halinka."

Ya goge faifan da gefen rigarsa ya saka. Kwamfutar ta yi ta gurnani. Kafin komai ya zare wayar intanet daga bayanta, ya miƙa wa Kaka.

"Riƙe wannan, ki ɓoye. In ta ji ƙanshin intanet za ta sake sabunta kanta."

"Ashe ita ma kwaɗayayya ce irinka."

Ya cire sabuwar burauza, ya sa tsohuwa, ya liƙa mata filogin. Wani saƙo ya fito yana tambaya ko a bar abin ya yi aiki. Ya danna e. Akwatin toka ya yi fari. Sai ga wili cif, ga allura, ga layin da zare ke bi.

Kaka ta miƙe tsaye ba ta sani ba, maɓallai suka watse a ƙasa.

Amma babu abin da ya motsa. Jikan ya sake buɗe shafin. Shiru. Ya kashe kwamfutar ya kunna. Shiru. Ya nemi wurin dannawa a ko'ina, babu. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Kaka," ya ce, kuma ba ya kiranta haka sai magana ta yi nauyi, "zanen ya dawo amma ya daskare. Ina jin wani abu ya lalace a ciki. Ki yafe min."

Ta dube shi, ta dubi allon. Sai ta ƙyalƙyale da dariya har da riƙe tebur.

"Wayyo ni, na yi asarar miji! Rashin sani ya fi dare duhu. Kai, ka taɓa ganin keken ɗinki ya tashi da kansa? Matsa!"

Ta kama linzamin kwamfutar, ta kai kibiya kan wilin, ta danne, ta ɗan jawo shi ƙasa, yadda kowane tela ke taɓa wili da tafin hannu kafin ƙafa ta karɓa. Wilin ya juya. Allura ta sauka, ta hau, zaren ya fara fita yana lanƙwasa.

"Haka ya yi shi," ta ce, muryarta ta sauka. "Ya ce ko a cikin lissafi, kekena ba zai tashi ba sai na taɓa."

Ta koma kan kekenta ta ɗora ƙafa, idonta a allon, tana son ta bi gudun. Ta bi, ta bi, allurar Malam tana wuce tata da bugu ɗaya, da biyu, da uku. Ta tsaya tana haki.

"Yarinyar nan ta cikin kwamfuta ta fi ni sauri yanzu. Ita ya sani. Allah ya jiƙanka, Malam, wallahi ina kewarka."

Ta share ido da bakin mayafi. Jikan ya durƙusa yana tsince maɓallai don kada ta ga nasa idon.

"Na sallama, amarya," ya ce daga ƙasa. "Da tsohuwar zuma ake magani. Tsohon mijin ya fi sabon."

"Yau ka sani? Tashi."

Ta buɗe akwati ta ciro wata farar riga, wadda Malam ke shiga aji da ita, aljihunta har yanzu da tabon jan biro. Ta jefa masa a kafaɗa. Ya saka, hannun ya rufe masa yatsu.

"Ta yi min tsawo."

"Ka girma ka cika ta. Kuma ka ji da kyau, angon banza: in ka kai wa wani tela ya sabunta min ita, sai na sake ka."