Magen da Na Ce Na Kashe

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da bakina ya ja mini ba a wurin gina rijiyar famfo a Dantchiao. Ni ne shofer, wato direba, na injiniyan aikin, wani Ba'indiye mai sanyin hali da muke kira Mushe, wato "monsieur" na Faransanci.

Muna cin abincin rana a gindin gawo, ma'aikata suka shiga hirar jarunta. Wannan ya kashe kububuwa, wancan ya kori ɓarayin shanu. Ni kuma (ban san abin da ya kai ni ba) sai na ce ai ni magen da ta cinye mana ƴan tsaki na bi da taɓarya, bugu ɗaya ta sheƙa. Har na miƙe ina gwadawa.

Mushe ya nemi a fassara masa. Da ya ji, ya ajiye cokali. Wai a addininsu na Hindu kashe mage babban zunubi ne, sai an yi kaffara. Ya ce a nemo masa ɗan babur, ba zai shiga motata ba. Ni da nake tuƙa shi cikin rairayin nan tun daga Magaria ban taɓa kafewa ba! Don mage!

Na juya wajen Malam Illa magini, ina jiran ya tare mini. Sai cewa ya yi, "Mu ma a wurinmu haramun ne, ka je ka tuba."

Duk wannan Gwaggo Hajo, wadda muke gida ɗaya, tana gefe tana dama musu fura. Ta ɗago kai, ta nuna ni.

"Wace mage? Baƙar nan? Ai da safe na bar ta tana shayar da ƴaƴanta. Da ta yi masa huci, bisa turmi ya haye yana ihu, ni na kore ta da tsintsiya."

Har mai kububuwa sai da ya kwanta ƙasa don dariya. Da aka fassara wa Mushe, sai ya riƙe hannuna yana murna, wai ashe ni mutumin kirki ne. Wallahi gara fushinsa.

Gwaggo kuwa har yau cewa take cetona ta yi. Ni dai yanzu kafin in buɗe baki cikin mutane, sai na duba ko akwai ɗan gidanmu a wurin.