Rasuwar Jan Kundi, Mai Lambobin da Ba Sa Shiga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da ban ga dalilin ɓoyewa ba, ni Abdulmannan Garba, sakataren Ƙungiyar Masu Injin Casar Shinkafa ta Bakin Kogi, Haɗeja, nake sanar da rasuwar kundin mambobinmu, wanda aka fi sani da Jan Kundi. Ya rasu ranar Talata da hantsi, rataye a ƙusarsa a ofis, bayan doguwar jinya.

A ƙuruciyarsa marigayin mai gaskiya ne. Baƙo ya sauka a tasha, ya buɗe shi, ya sami sunan mai inji, da lambarsa, da inda injin yake, daga cikin gari har Auyo da Miga. Bai taɓa fifita Alhaji a kan mai inji ɗaya ba. Ba shi da surutu, sai ɗan shaf-shaf in ana juya shafi.

Ciwon ya fara ne daga lambobi. Mambobi suka riƙa sauya layi kamar hula, ba mai sanar da ofis. Na bi su a babur, na bi wasu a kwalekwale, amsa ɗaya: ai kowa ya san su. Daga nan ciwon ya kama adireshi. Wani injin har gobe yana "gindin tsamiya", alhali ambaliya ta tafi da tsamiyar tun tuni. A ƙarshen rayuwarsa, duk shafin da aka taɓa, magana ɗaya marigayin yake maimaitawa da muryar mace: "Lambar da ka kira a kashe take."

Abin da ya ƙarasa shi kuwa shafin Alhaji Haladu ne, Allah ya jiƙansa. Tun da ya rasu 'yarsa Fanna ke riƙe da injin, ita da matan da ke turara mata shinkafa. Ta zo ofis, ta sake zuwa, tana roƙon a sa sunanta da lambarta. Shugabanmu Alhaji Tasi'u ya hana, bisa hujjar cewa ba a goge sunan dattijo don ya kwanta dama. Aka bar shafin yadda yake, aka kira abin ladabi.

Ranar Talatar, wani ɗan kasuwa daga Kano ya zo neman injin da zai riƙa yi masa casa duk kaka, domin an yaba masa aikin gidan Haladu. Ya kira lambar da ke shafin. Wani mai faci ya ɗauka daga wani gari, ya ce bai san kowane Haladu ba. Baƙon ya mayar da kundin ƙusarsa, ya ce zai sake leƙowa ranar kasuwa, in bai samu ba ya nemi wani wuri. A lokacin Fanna na wurin aikinta a bayan asibiti, injinta a kashe, matan na zaune a kan buhunan da ba komai a ciki.

Marigayin ya bar ƙusa ɗaya, da igiya, da mambobi masu rai da ba a samunsu, da mamata da ake ta kira.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar a harabar ofis, kafin ranar kasuwa. Ba a karɓar gaisuwa ta baki ko ta aike. Mai ta'aziyya ya zo da wayarsa a kunne, za a kira ta a gabansa, ya faɗi inda injinsa yake a yau. Fanna Haladu ce za ta fara rubuta sunanta a sabon kundi. Wanda bai zo ba, za mu ɗauka ya riga mu gidan gaskiya, kuma bisa umarnin shugaba ba za a goge shi ba. Za a bar shi a shafinsa, a binne su tare.