Radiyon da Ya Tsallake Gamu

Shekara ashirin ina gyaran radiyo a Gure, wa zai koya mini? Da ƙungiyarmu ta masu lambu ta aike ni sayen na'urar watsa shiri don mutanen ƙauyen Gamu, na zaɓi ƙarama ta gajeren zango. "Tunda kusa ne," na ce, ina gyara hula.

Ranar buɗewa na yi awa guda ina jawabi kan tsutsar albasa. A Gamu babu wanda ya ji. Sai wani direba ya bugo waya daga Agadas: "Malam, muryarka tangaran!"

Ashe gajeren zango tsallake maƙwabta yake, ya sauka can nesa.

Har yau in na gaida shugabarmu, Hajiya Falmata, sai ta ce, "Matsa Agadas, Malam, don in ji ka."