Ranar Da Na Wanke Ƙwaƙwalwar Kwamfutar Makaranta

Ko shekara nawa zan yi a duniya, ba zan taɓa mantawa da Larabar da na kusa hallaka sakamakon jarrabawar makaranta guda da hannuna ba.

A lokacin ni ce mai buga takardu a wata makarantar kuɗi a Maigatari. Kwamfuta ɗaya tal muke da ita, irin mai akwatin nan da ake ajiyewa a ƙarƙashin tebur, kuma makin kowane ɗalibi yana cikinta, daga aji ɗaya har aji shida. Sati biyu na kwashe ina shigar da su, ranar Juma'a kuma iyaye za su zo karɓar sakamako. Kwafi kuwa babu ko ɗaya a wani wuri (kada ku tambaye ni dalili, filashin da aka ba ni yana gida cike da hotunan biki).

Ofishin nawa da can sito ne, jemagu sun yi gida a silin, warinsu sai wanda ya ji. Ni kuma ba na iya zama da wari. Kullum da safe sai na karɓi garwashi a wurin mai shayin bakin ƙofa, na zuba a ɗan kasko, na barbaɗa turaren wutar da gwaggona ta Damagaram ke haɗa min, wanda take zuba wa sukari da mai sosai, wanda duk garin babu mai irinsa. Sau biyu Hedimasta yana hana ni. "Malama, wuta da takarda ba sa zama ɗaki ɗaya." Na ce, "To, ranka ya daɗe." Maimakon na daina, sai na mayar da kaskon ƙarƙashin tebur inda ba zai gani ba, dab da akwatin kwamfutar.

Da bazara ta kankama sai kwamfutar ta fara gurnani kamar a-daidaita-sahu ya ɗauko buhunan gero. In na taɓa akwatin sai na ji zafi rau. Ranar Larabar, bayan an tashi yara, ina cikin duba makin aji biyar, kawai ta ɗauke ɗif. Na kunna, sai ga farin rubutu a baƙin allo, wai ƙwaƙwalwarta ta yi zafi fiye da kima. Na leƙa bayan akwatin, na shafa ramukan da iska ke fita, yatsana ya fito da wani abu baƙi mai danƙo. Na shinshina. Turarena ne.

Na hango Hedimasta, na hango iyaye cike da tsakar makaranta, na hango kaina riƙe da takardar sallama. Mai hankali zai tashi ya je ya faɗa, amma ni sai na ce bari na share sawuna tukuna. Na rufe ƙofa, na nemo bidiyon yadda ake goge cikin kwamfuta a wayata. Mutumin ya kwance noti, ya cire fanka, ya ɗaga wani ƙarfe mai haƙora kamar mataji, daidai nan datata ta ƙare. Na ce ai na gane, sauran ba wanke-wanke ba ne?

Da wuƙar yanka lemo na kwance notin. Na ɗaga ƙarfen, sai ga wani abu mai ruwan toka ya manne a kan ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu. Na ce wayyo, turaren ya kai har ƙwaƙwalwa! Na sa hankici na dirje shi, na dirje har sai da na ga fuskata a ciki. Fankar ce ta gagare ni, danƙon ya riƙe ta, na bar ta haka. Na mayar da komai, na yi bisimilla na danna.

Ɗazu sai da ta daɗe tana aiki kafin ta mutu. Yanzu ko gama buɗewa ba ta yi ba ta ɗauke. Sau uku ina gwadawa. A na ukun na zauna daɓas a ƙasa ina salati.

Washegari na je wa Hedimasta da fuskar marainiya. "Ranka ya daɗe, ni dai haka na zo na same ta." Ya kira Malam Habu mai gyaran kwamfuta daga Gumel. Da yake Alhamis ce, ranar kasuwa, hanya ta cika da motocin shanu, sai bayan azahar ya iso. Kafin ya zo malamai sun cika ofis, kowa na tambayar makin ajinsa.

Malam Habu dattijo ne mai sanyin magana. Ya buɗe akwatin, ya ɗaga ƙarfen, ya duba.

"An shiga nan," ya ce. "Akwai wani mai da ake shafawa a kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, shi ke kwashe zafi ya miƙa wa wannan ƙarfen. An goge shi tas. Ba don tana kashe kanta ba, da tuni ta ƙone."

Hedimasta ya juya kan Baba Ilu mai gadi, tsohon da ke riƙe da makullan makaranta. "Baba, wa ka buɗe wa ofis jiya?"

"Wallahi ranka ya daɗe ban buɗe wa kowa ba."

"To aljani ne ya shigo?"

Tsohon ya cire hula yana murzawa. Ni kuwa (Allah ya yafe min) ina tsaye na ƙura wa kalanda ido kamar yau na fara ganin ta.

Malam Habu ya ɗauko 'yar na'urar hura iska, ya saita a kan fankar, ya danna. Jama'a, wani ƙamshi ya tashi ya cika ofis har baranda, kai ka ce ɗakin amarya aka buɗe. Wata huɗu na turaren gwaggona ya fito a lokaci ɗaya. Kawunan mutane suka riƙa juyowa ɗaya bayan ɗaya, har suka haɗu a kaina.

Baba Ilu ya mayar da hularsa a hankali. "Ranka ya daɗe, ni dai in na shiga ɗaki, warin taba nake bari."

Na so ƙasa ta tsage. Na buɗe baki, muryata ta fito kamar ta ɗan akuya: "Ni ce. Kaskon ma nawa ne, yana bayan kwali."

"Ai na sani, Malama," in ji Malam Habu. "Tun da na ga yadda aka dirje shi na ce wannan hannun ya saba da tukunya."

Ofis ya kwashe da dariya, ban da Hedimasta, ban da ni. Malam Habu ya wanke fankar, ya ɗiga sabon man kamar ƙwayar wake, ya ɗaure, ya kunna. Na ƙura wa allon ido tana buɗewa. Sai ga sunayen yara sun fito, aji ɗaya har aji shida, babu abin da ya ɓace. Hawaye suka zubo min a gaban kowa.

Ba a kore ni ba. Hedimasta ya ce kafin na sake taɓa kwamfutar nan sai na durƙusa na ba Baba Ilu haƙuri, na kuwa durƙusa har ƙasa. Tsohon ya ce, "Tashi 'yata, ya wuce," abin da ya fi min zafi a kan ya zage ni.

Da Malam Habu zai tafi, ya rage murya ya ce min, "Turaren nan aikin minti goma ne da kin bar shi. Wankin ne ya kusa kashe ta."

Tun daga ranar, in na yi ɓarna, da gudu nake kai kaina ƙara tun hannuna bai fara gyara ba. Na gane cewa laifina bai cika girma ba, sai in na tashi ɓoye shi.