Ɗankwalin Mama a Kan Falwaya

Laifina ɗaya ne, kuma ƙarami: na yi wa jirgin leda jela da ɗankwalin Mama.

Ranar Asabar ce. Ƙannena Bulus da Rifkatu suna ta kuka, jirginsu da ya tashi sai ya dawo ya ci ƙasa. Na ce su matsa, injiniya ya iso, jela ce ta yi masa kaɗan. Ina waigawa, ga ɗankwali a igiyar shanya, wanda Mama za ta ɗaura washegari ta ja waƙar matan zumunta a coci. Na ce aron minti biyar ne.

Kuma ya tashi! Na rantse har mutanen can garin Dabai sun hange shi. Ina cikin koya wa Bulus yadda gwanaye ke sakin zare, zaren ya tsinke. Jirgin ya yi ta lilo, ya je ya naɗe a falwayar ƙofar cocinmu. Na tsaya ƙarƙashinta ina yi wa kaina addu'a.

Alewa uku na ba Rifkatu ta yi shiru. Da safe Mama ta birkice ɗaki, ta fito da ɗankwalin aro, launinsa daban da na kowa. Muna isa, matan duk sun ɗaga kai. Wata ta ce, "Ashe, 'yar'uwa, ɗankwalinki ya riga mu zuwa sama!"

Rifkatu, da ta riga ta shanye alewata, ta nuna ni.

Ɗankwalin yana can har yau, ya koɗe. Duk unguwarmu ta Rikoto "Uwar Zumunta" suke kirana, har Baba.