Rasuwar Falle Na Tara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takardar tuhuma a aljihu, Datti, mai kula da ɗakin gwaji a wata cibiyar bincike da ke bayan Lugbe, yake sanar da rasuwar Falle Na Tara, ɗan siririn fallen kabon, wanda ya cika ranar Laraba da hantsi.

Datti ne ya karɓi haihuwarsa. Ya ɓanɓaro shi daga jikin gilashi a kan ruwa, ya ɗago shi da zoben ƙarfe, numfashi a riƙe, bayan yayyensa takwas sun yage a hannu. Ɓawon albasa ma katako ne in an gwada da shi.

Aikinsa tsayuwa a gaban harbi. Inji yakan cillo ƙwayoyin zarra masu caji da mugun gudu, su ratsa marigayin, shi kuma ya tuɓe musu wasu elektron, ya wurga wasu can benen sama. Ƙwayoyin su fito, elektron ɗin da aka wurga suna gangarowa mataki-mataki, kowane mataki da launin haskensa. Da hasken nan Dakta Zuhra, mai binciken, take gane wane bene ya fi cika. Wata goma sha ɗaya yana shan wannan, ko uffan bai ce ba.

Bai yi jinya ba. Manyan baƙi ne suka zo da mai ɗaukar hoto. Oga, shugaban cibiyar, ya ce a buɗe tukunyar ƙarfen da marigayin yake ciki, wadda aka zuƙe wa iska, su gani. Datti ya ce iska kashe shi take yi. Oga ya tambaye shi da wane digiri yake magana. Aka buɗe. Wani baƙo ya sunkuya, ya ce shi fa bai ga komai ba, sannan ya yi atishawa. Kowa ya yi wa baƙon addu'a. Marigayin ya ce “fit”, maganarsa ta farko kuma ta ƙarshe.

Takardar tuhuma ta ce sakacin ma'aikacin wucin gadi ne, wato Datti.

Ya rasu ya bar zobe wayam, da inji mai gurnani ba abin harbi, da awon Dakta da saura kwana uku ya kammala. Ya bar Datti, wanda aka karɓe wa katin shiga.

Ba a yi wanka ba, don ba a sami abin wankewa ba. Ɗan baƙin garin da ya rage yana cikin kwalin ashana. Jana'iza ranar Litinin ƙarfe goma, a ƙofar ɗakin da kwamitin ladabtarwa zai zauna a kan Datti. Ana karɓar gaisuwa a bakin get, ta waje. Oga ne zai shugabanci zaman.

Mai atishawar fa, wa zai kai masa sammaci?